Yadda ake sanya wa sankarar jini nau'in APL lamba a tsarin ICD-10

Sankarar jini rassa gare ta, kuma littafin lambobin cututtuka ya ba kowane reshe gidansa. Ko a cikin reshen da likitoci ke kira AML, wato mai tasowa da gaggawa daga ƙwayoyin ɓargo, akwai gidaje da yawa: C92.0, C92.4, C92.5, C92.6, C93.0, C94.0 da C94.2. Wannan jagora ta tsaya ne a kan C92.4, wadda za ka gani a folda da sunan APL, ko APML, ko M3. A nan ne sabon ma'aikacin rekod ya fi yin tuntuɓe, domin ana fara ba da magani tun kafin a tabbatar da ciwon, maras lafiya yana shiga da fita asibiti har wata da watanni, kuma lambarsa tana canzawa a tsakiyar tafiya.

Kafin a taɓa littafi, ya kamata ka san abin da kake sanya wa lamba. A APL, ƙananan fararen ƙwayoyin jini suna tsayawa cak a wani mataki na girma da ake kira furomayilosait, su cika ɓargo, su hana jini na gari fitowa. Sanadin shi ne kuromosom na 15 da na 17 sun yi musayar guntaye, sai ƙwayar gado PML ta haɗu da RARA. Ana rubuta wannan t(15;17), ko PML::RARA. Ba daga iyaye ake gadonsa ba, a cikin ɓargon mutum yake aukuwa. Leif Hillestad, wani likitan jini ɗan Norwe, shi ya fara bayyana ciwon a 1957. Masana daga Faransa da Amurka da Birtaniya suka raɗa masa M3 a rabe-raben FAB na 1976, Janet Rowley ta Jami'ar Chicago kuma ta nuna musayar kuromosom ɗin a 1977. A da, zubar jini kan kashe mai ciwon cikin 'yan kwanaki ko makonni. Daga ƙasar Sin mafita ta fito: likitocin Harbin suka gwada sinadarin asenik tun shekarun 1970, Wang Zhenyi da abokan aikinsa a Shanghai suka gwada maganin ATRA a shekarun 1980. Yau APL tana cikin nau'o'in AML da aka fi samun warkewa, muddin maras lafiya ya tsallake makonnin farko. Wannan tarihin yana da amfani a teburinka, domin duk inda ka ga ATRA da asenik tare a takardar magani, ka san folda tana nuni zuwa C92.4, ko da saman takardar an rubuta AML kawai.

Mataki na farko: tantance littafin da kake aiki da shi

Sunan ICD-10 ya rufe littattafai fiye da ɗaya. Na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda shi ne aka fi samu a ofisoshin rekod na asibitocin Najeriya da Nijar, yana tsayawa a harafi huɗu: C92.4, shi ke nan. Ba ya tambayar ko ciwo ya lafa ko ya dawo.

Na Amurka, ICD-10-CM, wanda ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 2015, yana buƙatar harafi na biyar, kuma idan ka tura C92.4 haka nan kwamfuta za ta mayar maka da ita. Zaɓi uku ne. C92.40 ciwon da bai kai ga lafawa ba, C92.41 wanda ya lafa, C92.42 wanda ya dawo bayan lafawa. Cibiyar ƙididdigar lafiya ta Amurka, NCHS, ce ke kula da littafin, ana sabunta shi ran 1 ga Oktoba da 1 ga Afrilu, don haka ka duba ranar sallamar maras lafiya ka yi aiki da bugun da ke aiki a ranar. A tsohon littafinsu, ICD-9-CM, APL ba ta da gidan kanta, tana cikin 205.0 tare da sauran AML, shi ya sa tsofaffin bayanai da aka juya zuwa sabon tsari sukan faɗa C92.0 ba da laifin kowa ba.

Jamus da Ostireliya su ma suna da harafi na biyar, amma zaɓi biyu kawai gare su, 0 da 1. C92.42 ba ta nan a littafinsu. ICD-11 kuwa, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2022, ta tattara AML a ƙarƙashin 2A60. Sauran bayanin zai bi ICD-10-CM domin shi ya fi ƙa'idoji, zan riƙa nuna inda na Hukumar Lafiya ta Duniya ya saɓa.

Mataki na biyu: tabbatar cewa APL ɗin ce

Ka karanta folda duka, kada ka tsaya a takardar sallama. Ka fara da bayanin karɓa, ka bi rubuce-rubucen likitan jini na kullum, sannan sakamakon shafin jini da aka duba a madubin ɗakin gwaji, da na ɓargo, da gwaje-gwajen FISH da PCR masu neman PML::RARA, da takardar magani. Daga nan ka dawo takardar sallama ka ga ko ta yi daidai da abin da ka karanta.

Jerin lambobi ya lissafa M3 da t(15;17) da ire-irensa a ƙarƙashin C92.4. Ma'ana, idan likita ya rubuta AML M3 bisa abin da aka gani a madubi kawai, lambar ta halatta. Wannan yana da muhimmanci a asibitocin da ba su da na'urar FISH ko PCR, inda sai an aika samfuri wani gari, ko kuma dangi su kasa biyan kuɗin gwajin. Tabbatar da ciwo aikin likita ne. Naka shi ne ka tabbata ya rubuta.

Taƙaitattun haruffa suna da tarko. PML a wannan folda sunan ƙwayar gado ce, kuma littafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya liƙa haruffan a jikin sunan C92.4, amma a sashen jijiyoyi PML wani ciwon ƙwaƙwalwa ne dabam mai lamba A81.2. Haka aPL da ƙaramin harafi a farko, a foldar mai ciki ko mai daskarewar jini a jijiya, tana nufin wasu garkuwoyin jiki ne masu kai wa jiki hari, babu abin da ya haɗa ta da sankara. ALL kuma, idan rubutun hannu ya yi muni, takan yi kama da APL, alhali gidanta C91.0.

Tarkon da ya fi waɗannan zurfi yana cikin sakamakon kuromosom. Akwai wani nau'in APL da ba a cika gani ba, inda RARA ke haɗuwa da ZBTB16, wadda a da ake kira PLZF, ana rubuta shi t(11;17)(q23;q21). Mai gaggawa yana ganin 11q23 sai ya ruga C92.6, domin sunan C92.6 ke nan, AML mai tangarɗa a 11q23. Amma C92.6 ta ƙwayar gado MLL ce, wadda yanzu ake kira KMT2A. Ita ZBTB16 maƙwabciyarta ce kawai a unguwa ɗaya ta kuromosom na 11. Abin da ya ƙara dagula lamarin, akwai AML ta KMT2A wadda ita ma ake rubuta mata t(11;17). Saboda haka lambobin kuromosom su kaɗai ba za su raba maka gardama ba. Ka nemi sunan ƙwayar gadon da sunan da likitan jini ya ba ciwon. Idan ya ce nau'in APL ne, C92.4 ce. Idan ya ce KMT2A, C92.6. Idan bai ce komai ba, ka tambaya.

Akwai kuma M3v, nau'in da ƙwayoyinsa ba su da manyan ɗige-ɗigen da aka saba gani, har a madubi sukan yi kama da M4 ko M5, wasu nau'o'in AML dabam. Sau da yawa sakamakon farko zai ce M5, bayan kwana biyu ko uku PCR ta fito da PML::RARA, likita ya gyara. Abin da aka tabbatar a ƙarshe shi ake sanya wa lamba. Kada ka jera C93.0, lambar M5, da C92.4 a kwanciya ɗaya kamar mutumin yana da sankara biyu.

Idan sakamakon ɗakin gwaji ya ce PML::RARA, likitan da ke kula da maras lafiya kuma bai taɓa rubuta komai ba sai AML, a kwanciyar asibiti ba ka da ikon ɗaukar C92.4 daga sakamakon kai tsaye. Ka aika masa tambaya ya tabbatar. A ziyarar gwaji ta waje kuwa, inda likitan ɗakin gwaji ya duba ya sa hannu a rahoton ƙarshe, abin da ya tabbatar ana iya sanya masa lamba.

Mataki na uku: batun zato

APL ciwon gaggawa ne. Likita yana ganin shafin jini mai kama da ita tare da zubar jini, zai fara ATRA a ranar, ba zai jira PCR ba. Saboda haka za ka yi ta cin karo da folda mai cewa ana zaton APL, ko mai yiwuwa APL ce.

Ƙa'idar Amurka ta raba biyu. Idan kwanciya ce, kuma har ranar sallama likita yana rubuta cewa yana kyautata zaton APL, ana sanya lambar kamar an tabbatar, wato C92.40. Wannan yakan faru idan an tura maras lafiya babban asibiti kafin sakamako ya fito, ko ya rasu a daren farko. Idan kuwa ziyarar waje ce, ko sashen gaggawa ba tare da kwanciya ba, ba a sanya wa zato lamba. Sai ka ɗauki abin da aka tabbatar: idan an tabbatar sankarar jini ce mai gaggawa ba a san nau'i ba, C95.00, idan an tabbatar AML ce, C92.00, idan ko hakan ba a kai ba, alamomin da ya zo da su.

Zaton da ke cikin rubutun rana ta biyu, wanda aka kore a rana ta biyar, ba shi da lamba a ko'ina.

Mataki na huɗu: fihirisa, sannan jerin lambobi

Ko da ka haddace C92.4, ka bi hanya. Ka buɗe fihirisa a kalmar lukimiya, ka gangara zuwa nau'in, sannan ka tafi jerin lambobi ka karanta abin da ke ƙarƙashin C92 gaba ɗaya. Teburin ƙari, wanda ake nemo sankarar mama ko ta hanta da shi bisa gaɓar jiki, ba nan ake nemo sankarar jini ba. A ƙarƙashin C92 akwai gargaɗin da aka buga da alamar Excludes1 a kan Z85.6, lambar tarihin sankarar jini a baya, ma'anarsa ba a haɗa ta da C92.

Mataki na biyar: harafi na biyar

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu binciken rekod suka fi tsayawa.

C92.40 tana ɗaukar mutum uku: wanda aka gano ciwonsa yanzu, wanda aka yi wa magani ciwon ya ƙi lafawa, da wanda folda ba ta ce komai a kan halinsa ba. Na ukun nan shi ke sa lambar ta zama kwandon shara. Mai wata bakwai yana karɓar magani, wanda kowa a sashen ya san ciwonsa ya lafa tun watan farko, sai ka ga ana ta maimaita masa C92.40 saboda ita aka shigar ranar farko kuma kwamfuta tana kwafo ta. A ganina wannan ganganci ne, ko da ƙa'ida ba ta kira shi laifi ba.

C92.41 tana buƙatar kalmar likita. Sai ya rubuta cewa ciwon ya lafa, abin da suke kira rimishon, ko ya taƙaita shi CR. Ba ka da ikon yanke wannan hukunci daga sakamako. Ɓargo mai tsabta, ko adadin jini da ya dawo daidai, ko PCR da ba ta ga komai ba, duka hujjoji ne na aika tambaya, ba na canza lamba ba. Ƙa'idojin ICD-10-CM sun faɗi haka a fili a babin sankara: idan rubutu bai bayyana ko ciwon ya lafa ba, a tambayi likita.

APL tana da wata ɗabi'a da ya kamata ka sani. ATRA da asenik suna tilasta wa ƙwayoyin ne su girma su mutu a hankali, don haka a ƙarshen zagayen farko na magani PCR tana iya nuna PML::RARA alhali komai yana tafiya daidai. Likitocin jini ba sa ɗaukar wannan a matsayin gazawa, sai a ƙarshen zagayen ƙarfafawa, wato maganin da ake ci gaba da bayarwa bayan lafawa, suke auna ko an share ta ƙarƙaf. Idan likita ya rubuta CR kuma ka ga PCR tana nuna saura, C92.41 tana nan daram. Kada ka mayar da shi C92.40, balle C92.42.

C92.42 ta wanda ya taɓa lafawa ne, sannan likita ya rubuta cewa ciwon ya dawo. Wani lokaci dawowar a PCR kawai ake ganin ta, jini da ɓargo lafiya lau. Idan likita ya kira ta dawowa, ka bi shi. Idan ya ce a maimaita gwajin bayan mako biyu, ba a kai wurin ba tukuna. Bayan dawowa, in magani ya sake cin nasara aka rubuta lafawa ta biyu, a koma C92.41.

Sai Z85.6, tarihin sankarar jini a baya. Lafawa da tarihi ba abu ɗaya ba ne. Wanda yake cikin lafawa har yanzu littafi yana ɗaukarsa mai ciwon, ko da shekara uku ke nan bai sha ƙwaya ba. Littafin bai ƙayyade adadin shekarun da za a cika a koma Z85.6 ba, kuma ba kai za ka ƙayyade ba. Sai likita ya rubuta cewa an warke, ko ya bayyana cewa ciwon tarihi ne kuma babu magani. Da yake APL ana warkewa sosai, wannan tambayar ta fi tasowa a kanta fiye da sauran AML. Matsalar ita ce likitoci sukan rubuta tarihin APL da cikin lafawa a jimla ɗaya. Ba za ka sanya duka biyun ba, sai ka tambaya. In an tabbatar tarihi ne kuma ya zo duba lafiya bayan gama magani, Z08, lambar zuwa duba lafiya bayan maganin sankara, ce a gaba, Z85.6 a baya.

Tambayar kanta kada ta sa wa likita magana a baki. Ka kawo abin da ke folda ka bar masa zaɓi. Misali: "Dakta, barka da aiki. A rubutunku na ranar kaza kun ce tarihin APL, a ƙasa kuma kun ce cikin lafawa. An gama magani a watan kaza, PCR ta ƙarshe ba ta ga PML::RARA ba. Don Allah ku bayyana a folda halin ciwon a wannan ziyara: bai lafa ba, ya lafa, ya dawo, an warke ya zama tarihi, ko wani hali dabam." Kada ka ambaci kuɗi, kada ka nuna wadda ka fi so.

Mataki na shida: wace lamba ce a gaba

A kwanciyar farko, inda aka gano ciwon aka fara magani, C92.40 ce babbar lamba. Z51.11, lambar zuwa karɓar maganin sankara, ba ta zuwa gaba a nan ko da an ɗaura maganin sankara, domin ba don zaman magani da aka tsara aka kwantar da shi ba.

Bayan an samu lafawa labari ya canza. A tsarin ATRA da asenik wanda Francesco Lo-Coco da abokan aikinsa na Italiya da Jamus suka wallafa sakamakonsa a 2013, ana ba da asenik ta jijiya kwana biyar a mako, mako huɗu ana yi, mako huɗu ana hutawa, har zagaye huɗu. Ka lissafa, zuwa 80 ke nan. Kowace daga cikinsu Z51.11 ce a gaba, C92.41 na biye. Mutane kan yi mamakin ganin lafawa da maganin sankara a takarda ɗaya, amma a sankarar jini haka tsarin yake. Idan ya zo domin maganin sai amai ko bushewar jiki suka same shi a wurin, Z51.11 tana nan a gaba, matsalolin su biyo baya. A littafin Hukumar Lafiya ta Duniya takwararta ita ce Z51.1.

Ƙwayoyin da yake haɗiya a gida ba sa mayar da ziyarar ganin likita ta zama Z51.11. Idan yana kan tsohon tsari mai ci gaba da methotrexate da mercaptopurine na dogon lokaci, akwai Z79.631, lambar daɗewa ana shan irin waɗannan magunguna, da za a ƙara a baya.

Mai juna biyu tana da nata hukuncin: lambar babin ciki, O9A.1 da harufanta, ita ke gaba, C92.4 ta biyo, sannan Z3A ta makonnin cikin.

Mataki na bakwai: abubuwan da suka biyo ciwon

Wanda ya fi muhimmanci shi ne DIC, inda jini ke daskarewa a ƙananan jijiyoyi har kayan daskarewar su ƙare, mutum ya shiga zubar da jini ta dasashi, ta hanci, ta fata, wani lokaci cikin ƙwaƙwalwa. Lambarsa D65. Yawancin masu APL da shi suke zuwa, amma C92.4 ba ta ƙunshe shi ba, sai an sanya shi dabam, kuma sai likita ya rubuta sunansa. Fibirinojin, wato sinadarin daskarar da jini, da ya faɗi da jakunkunan jini da aka yi ta ƙarawa ba su isa ba. Idan ya rubuta matsalar daskarewar jini kawai alhali sakamako da magani suna nuna DIC, wurin tambaya ne. Zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa yana I61, na ƙarƙashin rufinta na tsakiya, wanda ake kira arakanoid, yana I60, kowanne da harafin wurinsa.

Ƙarancin jini kuma sai ka nemi sanadinsa, domin lambar da jerin duka sun dogara a kai. Idan sankarar ce ta jawo shi, D63.0, kuma sankarar ce a gaba ko da ƙarin jini kawai aka yi. Idan magani ne ya jawo shi, D64.81 tare da T45.1X5A, lambar illar maganin sankara, kuma in don shi kaɗai aka zo, shi ne a gaba. Idan jajaye da farare da masu daskarar da jini duka sun faɗi kuma likita ya kira abin da sunansa, D61.818 idan daga ciwon ne, D61.810 idan daga maganin sankara ne. Zazzaɓi da faɗuwar fararen ƙwayoyi bayan magani yana ɗaukar D70.1 da R50.81 da T45.1X5A. Fashewar ƙwayoyin sankara da yawa a lokaci ɗaya, mai dagula gishirin jini da ƙoda, E88.3 ce. A littafin Hukumar Lafiya ta Duniya D63.0 tana ɗauke da tauraro, ma'ana ba ta tsayawa ita kaɗai, illar maganin sankara kuma tana Y43.

Akwai illar da ATRA da asenik suka shahara da ita, wadda ke zuwa a makonnin farko yayin da ƙwayoyin suka fara girma a lokaci ɗaya: zazzaɓi, ƙarin nauyi, numfashi sama-sama, ruwa a huhu ko a kewayen zuciya, wani lokaci ƙoda ta tsaya. Za ka gane ta idan ka ga an fara dexamethasone ba zato. Ka sanya wa kowane abin da likita ya rubuta lambarsa, ka nemo maganin da ya ɗora wa alhaki a teburin magunguna, a layin illar maganin da aka sha bisa ƙa'ida, ba layin guba ba.

A kwanciya, kowace lamba tana buƙatar alamar ko da abin aka zo ko a asibiti ya taso. DIC yawanci Y ce, wato da shi aka zo. Illar ATRA da ta bayyana a rana ta takwas N ce, wato a asibiti ta taso.

Ga misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A ce mace ce mai shekara 34 ta zo da zubar jini ta dasashi da ɗigon jini a fata. An fara ATRA a ranar, PCR ta tabbatar, likita ya rubuta APL da DIC da ƙarancin jini saboda sankarar. Kwanciyar nan C92.40, D65, D63.0. Bayan mako shida ya rubuta CR, ta fara zuwa karɓar asenik: Z51.11, C92.41. Bayan shekara biyu ta zo duba lafiya, ya rubuta cewa tana cikin lafawa: C92.41. Bayan shekara shida wani likita ya rubuta cewa ta warke, tarihi ne: Z08, Z85.6. Mutum ɗaya, ciwo ɗaya, kuma a kowace ziyara rubutun ranar ne ya yanke lambar.

A Amurka bambancin yana taɓa kuɗi kai tsaye. Kwanciyar da sankarar jini mai gaggawa ke gaba yawanci tana faɗawa rukunin biyan kuɗi na 834 zuwa 836, wadda Z51.11 ke gaba kuma tana 837 zuwa 839. A sabon ma'aunin haɗarin marasa lafiya na Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, wanda ake kira V28, sunan rukuni na 17 ya ambaci AML ya kuma cire APL a fili. Don haka sanya C92.0 a madadin C92.4 yana iya jawo biyan da bai dace ba, kuma irin wannan ne masu bincike ke nema.

Mataki na takwas: rajistar sankara da takardar mutuwa

Rajistar sankara da wani littafi take aiki, ICD-O-3, mai raba lamba biyu: wuri da kama. Wurin kowace sankarar jini C42.1 ne, wato ɓargo. Kamar APL 9866/3 ce, AML da ba a fayyace ba 9861/3, mai KMT2A 9897/3. C42.1 ba ta cikin ICD-10, kada ta ɓata ta shiga takardar neman biya, haka C92.4 ba ta shiga gurbin wuri a rajista. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin rajistocinmu, daga ta Ibadan da aka kafa a 1960 zuwa ta Kano da ta Abuja da ta Yamai, da wannan littafin suke aiki. Akwai gurbin hujjar ganowa: shafin jini ko ruwan ɓargo da aka duba a madubi lamba 5 ne, guntun ƙashi da ɓargo da aka yanko lamba 7. Dawowar ciwon ba sabuwar sankara ba ce, ba a buɗe mata sabon shafi. Idan aka fara shigar da 9861/3 sannan sakamako ya iso daga baya, a gyara tsohon shafin zuwa 9866/3.

A takardar mutuwa, ko a Amurka, harafi huɗu ake amfani da shi. Mai APL da ya rasu a makon farko, likita zai rubuta zubar jini a ƙwaƙwalwa a layin sama, DIC a ƙarƙashinsa, APL a layin ƙarshe. Asalin sanadin da ake ƙirgawa shi ne na ƙasan, C92.4. Idan ka tarar an rubuta zubar jinin kaɗai alhali folda cike take da APL, ka mayar wa likitan takardar ya cike layukan kafin ta bar ofis, in ba haka ba mamacin zai shiga ƙididdigar shanyewar ɓarin jiki, rajistar sankara kuma ba za ta taɓa jin labarinsa ba.